Yadda Ake Tsara Jadawalin Ma'aikata Idan Lokutan Aikinsu Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Ranar da aka fara damƙa mini tsara jadawalin ma'aikata na ɗauka aikin rabin awa ne: in jera sunaye a gefe, in jera ranaku a sama, in cike gidaje. Kafin mako ya zagayo sai ga abin da na shuka. Mutum ɗaya ya tashi aiki ƙarfe 10 na dare, na kuma rubuta shi a cikin masu buɗewa ƙarfe 6 na safe. Wata tana hutun shekara amma sunanta na nan daram a dutin Laraba. Daren Asabar kuwa fayau, babu kowa. Na shekara da shekaru ina wannan aiki tun daga lokacin, a wuraren da ba a rufewa dare da rana da kuma ofisoshin da kowa ke tashi da yamma, kuma kusan duk ɓarnar da na gani tushenta ɗaya ne: mai tsarawa ya fara da sunaye. Da gurabe ake farawa, wato inda aiki ke buƙatar mutum da lokacin da yake buƙatarsa. Suna shi ne abu na ƙarshe da ke shiga.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, cikakken jerin ma'aikata. Kada ka tsaya a suna kawai. A gaban kowa ka rubuta irin kwantiraginsa, awa nawa aka yi da shi zai yi a mako, abin da ya iya wanda ba kowa ya iya ba (wa ke riƙe makulli, wa ke da izinin tuƙa na'ura, wa zai iya jagorantar duti), da ranakun hutun da aka riga aka amince masa.

Na biyu, bayanan aikin da ya gabata na wata 2 ko 3: yawan kiran waya, ko kayan da aka sauke, ko mutanen da suka shigo, awa bayan awa. Idan babu wanda ya taɓa adana irin wannan, ka sa a ƙirga na mako 2 da hannu a takarda. Ko wannan ɗin ya fi ƙiyasin da ake yi da ka.

Na uku, dokar ƙwadago ta ƙasar da kake, da ƙa'idojin wurin aikinku, da yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata idan akwai. Sai kalanda mai nuna ranakun hutun gwamnati.

Na huɗu, inda za ka rubuta. Excel ko Google Sheets sun isa ga mutum 30 ko 40. Idan an fi haka, ko akwai rassa, manhajoji irin su Deputy, When I Work ko Shifts da ke cikin Microsoft Teams suna rage wahala. Idan babu kwamfuta, takarda mai gidaje da fensir da abin gogewa. Na ce fensir, domin za ka goge fiye da yadda kake zato.

Sai littafin miƙa aiki, da takardar neman musayar duti. Za mu zo kansu.

Mataki na 1: Zana buƙatar aiki, ba tare da sunan kowa ba

Ka buɗe shafi fari, ranakun mako a sama, awannin aiki a gefe. A kowane gida ka rubuta mutum nawa ake buƙata a wannan awa, ka duba bayanan da ka tara, kada ka bi abin da aka saba. Wurare da yawa suna zuba mutum 6 da safe da mutum 6 da yamma don kawai haka aka tarar, alhali aikin yana tsananta ne tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 2, sauran lokacin kuma ana zaman kashe wando.

A kowane gida lambobi biyu za ka rubuta. Ɗaya ita ce adadin da aiki zai tafi daidai da shi. Ɗayar ita ce mafi ƙarancin da ba za a iya yin ƙasa da shi ba ko da me ya faru. Wannan ta biyun ita ce za ta cece ka ranar da mutum biyu suka kira da asuba suka ce ba su da lafiya, domin nan take za ka san ko sai ka tashi wani daga gida ko za a iya lallaɓawa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙirga kawuna a manta da ƙwarewa. Mutum 4 a duti ba su da amfani idan babu ɗaya a cikinsu da zai iya kunna injin. Saboda haka ka rubuta gurbin da sunan aikinsa: jagora 1, mai na'ura 1, sauran hannaye 2.

Mataki na 2: Yi lissafin ko mutanenka sun isa

Mutane da yawa suna tsallake wannan, su yi ta juya sunaye har dare suna mamakin me ya sa gidajen suka ƙi cika. Sau da yawa mutanen ne ba su isa ba, kuma babu dabarar da za ta ƙaro su.

Mako yana da awa 168. Gurbi ɗaya da ba a barinsa dare da rana yana cin awa 168 ɗin nan duka. Idan mutum yana yin awa 40 a mako, ka raba 168 da 40, za ka samu 4.2. Ke nan mutum 4 ba su isa su riƙe kujera ɗaya ba, ko da babu mai ciwo, babu mai tafiya.

To amma mutane suna ciwo, suna kuma tafiya. Ga misali, ka sauya lambobin da na wurinku. Shekara tana da awa 8,760. Ma'aikaci mai awa 40 yana da awa 2,080 a takarda. A ce yana da hutun shekara kwana 20, hutun gwamnati kwana 10, jinya kwana 5, horo kwana 5. Kwana 40 ke nan, wato awa 320, saura 1,760. Ka raba 8,760 da 1,760, amsar tana gab da 5. Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan aiki ke cewa gurbi ɗaya na dare da rana, mutum 5.

Idan lissafi ya nuna giɓi, ka kai shi gaban shugabanninka a rubuce tun kafin ka fitar da jadawali. Mafita ɗaya ce cikin huɗu: a ƙara ma'aikata, a ɗauki na wucin gadi, a amince da biyan ƙarin lokaci, ko a rage awannin da ake buɗewa. Idan ka yi shiru ka cike giɓin da matse hutun mutane, kai za a kama ranar da abu ya lalace.

Mataki na 3: Zaɓi irin tsarin da ya dace da kowane rukuni

Ba dole ne kowa ya bi tsari ɗaya ba. A ma'aikata guda za ka iya samun iri 4 ko 5 suna tafiya tare.

Tsayayyen lokaci shi ne wanda kowa ya sani, shiga da safe, tashi da yamma, kwana 5. Ba ya buƙatar dogon bayani. Abin lura kawai, kada dukansu su tafi hutun tsakar rana a lokaci guda.

Karɓa-karɓa kuwa nan ne aikin yake. Idan duti 3 ne na awa 8, misali 6 zuwa 2, 2 zuwa 10, 10 zuwa 6, to ka juya mutane gaba, kamar yadda agogo ke tafiya: safe, sannan yamma, sannan dare. Dalilin a lissafi yake. Wanda ya gama dutin safe ƙarfe 2 ya koma na yamma washegari ya samu awa 24 a tsakani. Wanda ya gama na yamma ƙarfe 10 aka mayar da shi na safe, awa 8 kacal ya samu, a cikinsu ne zai je gida, ya yi barci, ya dawo. Jiki ma ya fi saurin sabawa da jinkirta barci a kan gaggauta shi.

Idan kana da rukuni 5, tsarin da na fi so shi ne safe 2, yamma 2, dare 2, hutu 4. Zagayen kwana 10 ne, kowane rukuni yana farawa kwana 2 bayan na gabansa, kullum za ka tarar da rukuni ɗaya a kowane duti, biyu suna hutu. Yana ba mutum kimanin awa 33.6 a mako, sauran awannin da suka rage ya cika 40 sai ka tara su ka riƙa cike gurbin masu hutun shekara da su.

Idan rukuni 4 kake da su, galibi duti 2 na awa 12 ake komawa. Akwai kwana 4 aiki, kwana 4 hutu, mai sauƙin haddacewa, sai dai ranakun hutun suna ta zamewa cikin mako. Akwai kuma 2-2-3: aiki Litinin da Talata, hutu Laraba da Alhamis, aiki Juma'a, Asabar da Lahadi, mako na biyu kuma a juya shi. Dukansu suna fitowa awa 42 a mako idan aka daidaita. Ma'aikata kan so 2-2-3 domin duk bayan mako 2 suna samun hutun kwana 3 a jere a ƙarshen mako. Amma ka lura da wani tarko: idan makon albashinku yana farawa Litinin, mako ɗaya zai zama awa 60, ɗaya 24. Idan yana farawa Lahadi, 48 da 36 zai zama. Inda ake biyan ƙarin lokaci a kan kowane mako, wannan bambanci kuɗi ne masu yawa, sai ka zauna da mai kula da albashi kafin ka yanke.

Ra'ayina game da awa 12: ya dace da aikin sa ido da wanda ke da lokutan lafawa. Aikin da ake tsaye, ko ake ɗaga kaya, ko ake buƙatar natsuwa ba yankewa, awa 2 na ƙarshe asara ce, kuma a nan ake jin rauni.

Matsattsen mako shi ne a yi awannin mako cikin kwanaki kaɗan: awa 10 sau 4, ko kwana 9 cikin mako 2 (takwas na awa 9, ɗaya na awa 8, jimla 80). Matsalarsa ɗaya, kowa Juma'a ko Litinin yake so ya huta. Ka rarraba ranakun, ka riƙa juya su duk wata.

Sassauƙan lokaci ya samo asali ne a Jamus a ƙarshen shekarun 1960, a wani kamfanin ƙera jiragen sama kusa da Munik da cunkoson hanya ya addabi ma'aikatansa. Ma'aikaci ne ke zaɓar lokacin shigarsa da fitarsa, muddin ya cika awanninsa. Ba ya yiwuwa sai ka kafa lokacin da dole kowa yana nan, misali ƙarfe 10 zuwa 3, ka tara duk taruka a ciki. Ka kuma sa iyaka a kan awannin da mutum zai iya tarawa ko ya ci bashi, in ba haka ba wani zai zo maka a ƙarshen shekara da awa 90 yana neman hutun mako 2.

Masu ɗan lokaci su ne maganin tsananin da ka gano a mataki na 1. Maimakon ƙara cikakken mutum, ka sa mai awa 4 daidai inda aiki ke yin tsiri. Sai dai yawancinsu suna da karatu ko wani aikin, saboda haka ka karɓi lokutan da suke da sarari a rubuce, ka kuma girmama su.

Rababben duti, wato a yi awa 4 da safe, a tafi, a dawo a yi 4 da yamma, yana da kyau a takarda, amma yana cinye wa mutum yininsa gaba ɗaya da kuɗin mota ninki biyu. Ba na amfani da shi sai ga wanda ya nema da kansa.

Zaman ko-ta-kwana shi ne mutum yana gida amma wayarsa a kunne. Abu 3 za ka rubuta ɓaro-ɓaro: cikin minti nawa zai amsa, me za a biya shi na zaman da na fitowar, da kuma ƙarfe nawa zai shigo washegari idan an tashe shi cikin dare. Na ukun nan ne ake mantawa.

Masu aiki daga gida ko daga wata ƙasa kuwa, ka zaɓi agogo ɗaya da za a rubuta jadawali da shi, ka rubuta sunansa a saman shafi. Yawancin ƙasashen Turai suna matsar da agogo da awa guda a Lahadin ƙarshe na Maris da na Oktoba, Amurka kuma a Lahadi na biyu na Maris da na farko na Nuwamba, ga ƙasashe da yawa da ba sa canzawa sam. A 'yan makonnin da ke tsakani, taron da aka saba yi yana iya zamewa da awa guda. Inda ake canza agogon ma, dutin daren ranar yakan zama awa 7 ko 9.

Mataki na 4: Rubuta iyakokin da ba a tsallakewa

Kafin suna ɗaya ya shiga, ka rubuta dokokinka a gefen shafi. Wasu doka ce ta ɗora maka. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 ta ƙayyade awa 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. Tarayyar Turai tana buƙatar hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24, da kuma kada matsakaicin aiki ya wuce awa 48 a mako har da ƙarin lokaci. A Amurka, dokar ƙwadago ta tarayya da aka kafa a 1938 ita ce ke sa a biya ma'aikatan da ta shafa ninki ɗaya da rabi a kan abin da ya haura awa 40 a mako. Taka ƙasar tana da nata, ita za ka bi.

Inda doka ta yi shiru, ga abin da nake bi: awa 11 tsakanin duti da duti. Kada a wuce kwana 6 a jere. Dare kada ya wuce 3 ko 4 a jere, na awa 12 kuwa 3 ya isa. Bayan dare na ƙarshe a ba da cikakken kwana 2, domin ranar da mutum ya sauka ƙarfe 6 na safe ba hutu ba ce, barci ne. Wanda ya ƙirga ta a matsayin hutu ya cuci ma'aikacinsa da kwana guda.

Ba tausayi kawai ba ne. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba ne jiki ya fi yin sanyi, hankali ya fi gushewa, kuma bashin barci yana taruwa dare bayan dare. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Mataki na 5: Yanzu sai sunaye

A jere ake cikewa. Ka fara toshe ranakun masu hutun shekara da horo. Sannan ka cike gurabe masu wuya: dare, ƙarshen mako, ranakun hutun gwamnati. Sannan masu ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba. Dutin safe na tsakiyar mako ya zo a ƙarshe, shi ba ya rasa mai so. Wanda ya fara da Litinin da safe ya bi a jere, yana isa daren Asabar zai tarar kowa ya cika awanninsa.

Ka yi amfani da harafi ɗaya ga kowane duti: S safe, Y yamma, D dare, H hutu, K ko-ta-kwana, kowanne da launinsa. Idan ka gama, ka karanta shafin sau biyu. Daga sama zuwa ƙasa, kana duba ko kowace rana ta cika. Daga gefe zuwa gefe, kana bin mutum ɗaya kamar kai ne shi. A karatu na biyun ne za ka ga Y da S ta biyo bayanta, wato awa 8 ɗin nan.

Ga masu Excel, dutin da ya ƙetare tsakar dare yana rikita lissafi. Idan shiga tana gidan A2, ƙarfe 22:00, fita tana gidan B2, ƙarfe 06:00, cire ɗaya daga ɗaya zai ba ka shirme. Ka rubuta =MOD(B2-A2,1)*24, ka mayar da gidan na lamba, zai ba ka 8. Ka kuma yanke tun farko cewa duti na ranar da aka fara shi ne. Daren Litinin yana farawa Litinin ƙarfe 10. Inda dutin ke farawa ƙarfe 12 na dare daidai, na sha ganin mutum ya zo kwana guda a makare yana rantsuwa shi haka ya fahimta, kuma da gaskiyarsa. Ka mayar da shi 11:30 ko ka rubuta ranakun biyu.

Sai maganar adalci. Ka buɗe shafi na biyu inda kake ƙirga dare nawa, ƙarshen mako nawa, hutun gwamnati nawa kowa ya yi tun farkon shekara. A Excel umarnin ƙirga mai suna COUNTIF zai yi maka, a takarda kuma zane-zane ya isa. Ka bar shi a buɗe kowa ya gani. Ranar da wani ya shigo yana huci, "Yallaɓai, kullum ni ake sa wa daren Asabar," ba sai ka yi musu ba, ka juya masa shafin. Wani lokaci kuma shafin zai nuna shi ke da gaskiya. Akwai ma'aikacin da ba ya taɓa cewa a'a, kuma ba tare da ka lura ba duk wani mummunan duti kansa yake faɗawa. Irinsa ba ya ƙorafi, takardar ajiye aiki kawai za ka gani.

Kada ka haɗa sababbi biyu su kaɗai a dare. Kada kuma ka tara duk ƙwararru a rukuni ɗaya don suna shiri da juna.

Mataki na 6: Fitar da shi da wuri, a wuri ɗaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako 2 kafin ranar farawa shi ne mafi ƙaranci, wata guda ya fi. Mutane suna da yara, da karatu, da asibiti, duk a kan wannan takarda suke tsara su. Ka sa ranar rufe karɓar buƙatu, misali kwana 10 kafin fitarwa, ka tsaya a kanta.

Jadawali na gaskiya guda ɗaya ne, kuma kowa ya san inda yake. Idan akwai na bango, da hoton da aka tura a WhatsApp, da na kwamfutarka, to kana da uku, kuma wata rana za su saɓa. Duk sanda ka yi gyara ka rubuta kwanan wata da lambar gyaran a sama, ka cire tsohon, ka kuma kira wanda abin ya shafa. Tura saƙo a zauren ma'aikata ba sanarwa ba ce har sai mutumin ya amsa.

Musaya kuwa ka ƙyale a yi, tana rage maka rabin ciwon kai, amma a rubuce. Na koyi wannan da tsada. Mutum biyu suka yi musaya da baki a bakin ƙofa, ɗaya yana nufin wannan Alhamis, ɗayan ya ɗauka ta sama. Ƙarfe 10 da minti 20 na dare wayata ta yi ƙara, mai sauka tana cewa, "Oga, har yanzu babu wanda ya zo ya karɓe ni." Ɗaya wayarsa a kashe, ɗaya ya yi nisa. Ni na kwana a kujerar. Tun daga nan takardar musaya tana ɗauke da sunaye biyu, ranaku biyu da kwanan wata, sa hannu biyu, da nawa na uku. Kafin in sa hannu nakan duba abu 2: ƙwarewarsu ɗaya ce, kuma musayar ba ta karya dokokin mataki na 4 ba. Har sai na sa hannu, dutin yana wuyan mai shi na asali.

Mataki na 7: Miƙa aiki da ranar da wani bai zo ba

Ka sa duti biyu su haɗu na minti 10 zuwa 15, kuma a biya wannan lokaci. Mai sauka ya rubuta a littafi abin da ya lalace, abin da aka fara ba a gama ba, da abin da ake jira. Mai karɓa ya karanta a gabansa ya sa hannu. Idan ba za a iya biyan haɗuwar kowa ba, jagororin biyu kaɗai su haɗu.

Rashin zuwa kuma ka tsara masa tun bai faru ba. Ka duba lambar nan ta mafi ƙaranci. Idan ba a faɗa ƙasa da ita ba, a lallaɓa. Idan an faɗa, ka bi jeri: mai ko-ta-kwana, sai mai ɗan lokaci da ke neman ƙarin awa, sai mai hutu da ya riga ya ce a kira shi. Riƙe wanda ya gama dutinsa shi ne na ƙarshe, kuma kada ya zama duti biyu cur. Gara ka raba: mai sauka ya ƙara awa 4, mai zuwa ya shigo da wuri da awa 4. A dutin awa 12 ma wannan ba ya yiwuwa, shi ya sa tsarin awa 12 ba ya tafiya babu ɗan ko-ta-kwana.

Mataki na 8: Duba abin da ya faru da gaske

Ƙarshen kowane wata ka ajiye jadawalin da ka fitar kusa da rajistar shiga da fita. Ka duba inda ƙarin lokaci ya taru, dutin da aka fi neman musayarsa, da ranar da aka fi kiran rashin lafiya. Idan duti ɗaya ne kullum ake gudu, matsalar tana jikinsa: wataƙila lokacin tashinsa babu abin hawa, wataƙila jagoransa ne. Na taɓa matsar da wani duti da rabin awa kawai, makara ta ɗauke.

Idan za ka sauya tsari gaba ɗaya, misali daga awa 8 zuwa 12, ka zana zaɓi 2 ko 3 da duk suka cika buƙatar aiki, ka ba ma'aikata su zaɓa. Ka ce gwaji ne na wata 3, ka rubuta ranar da za a zauna a sake dubawa, kuma ka bar kowane rukuni ya kammala zagayensa aƙalla sau biyu kafin a yanke hukunci. Makon sauyawar shi ne mafi haɗari, domin wutsiyar tsohon tsari tana haɗuwa da kan sabo. Wannan makon ka tsara shi da hannu, mutum bayan mutum, kana ƙirga awannin da ke tsakanin dutinsa na ƙarshe a tsohon da na farko a sabon.